The Ex: makaɗan Holan da suka riƙe ragamar kansu tun 1979

A watan Nuwamba na 2004 wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Holan mai suna The Ex ta yi bikin cika shekara 25 a Amsterdam. Cikin baƙin da ta gayyato har da wani dattijo daga Adis Ababa, Getatchew Mekuria, mai busa saksofon, wanda a lokacin ya doshi shekara 70. Masu masaukinsa mutane ne da suka fara kiɗa ba su iya ko ɗaure tsirkiyar jita ba, suka taso a gidajen da matasa suka fasa suka tare a ciki, kiɗansu kuma ƙara ce da kururuwa da karce ƙarfe. Shi kuwa ya yi rayuwarsa ne a manyan tawagogin kiɗa na hukuma tun zamanin Sarki Haile Selassie. Wanda ya gan su tare zai ce hanyar jirgi daban, ta mota daban. Amma bayan bikin, dattijon ne da bakinsa ya nemi su yi faifai tare, kuma daga nan har ƙarfinsa ya ƙare yana hawa dandamali da su.

Abin da wannan nazari ke bi shi ne yadda aka yi ƙungiyar da ba ta taɓa sa hannu da wani babban kamfanin faifai ba, ba ta taɓa yin waƙar da ta mamaye gidajen rediyo ba, ta haura shekara 45 tana aiki, kuma kiɗanta na kowane zamani bai tsaya inda na baya ya tsaya ba. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da guguwar pank, wato kiɗan matasa mai gudu da ƙara da bore, ta haifa tare da ita sun watse cikin 'yan shekaru, waɗanda suka rage kuma akasari tsofaffin waƙoƙinsu suke ta juyawa. Ni dai abin da na gani a tarihin The Ex shi ne, da yake babu mai takardar yarjejeniya a tsaye a kansu, sun samu sararin buɗe ƙofa ga duk baƙon da ransu ya so, kuma baƙin nan ne suka riƙa sabunta su duk lokacin da kiɗansu ya fara tsufa.

Gado, tebur da kujera

Ba a gane The Ex sai an san Amsterdam ta ƙarshen shekarun 1970. Birnin na fama da ƙarancin muhalli, matasa na bin layin gidan haya shekara da shekaru, alhali ga gine-gine nan birjik a garƙame, masu su na jiran farashi ya tashi. Sai matasa suka shiga fasa ƙofofin irin waɗannan gidaje suna tarewa. Doka ma ta bar musu kafa, domin a 1971 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa wanda ya riga ya zauna a gidan da ba kowa a ciki yana da hurumin gida kamar kowa, ba a fitar da shi sai ta hanyar shari'a. Shi ya sa a wancan zamani ɗan kama-wuri-zauna yakan shiga da abu uku: gado, tebur da kujera. Da zarar ya jera su, ɗan sanda ya leƙo ya gani, wurin ya zama mazauninsa a idon doka.

Abin bai tafi salin-alin ba. A farkon Maris 1980 sai da hukuma ta fito da tankokin soja don ture shingayen da aka gicciya a titin Vondelstraat. Ranar 30 ga Afrilu na shekarar, ranar da aka naɗa Sarauniya Beatrix, birnin ya yamutse da arangama tsakanin matasa da 'yan sanda, taken masu zanga-zangar kuwa shi ne: babu gida, babu naɗi.

Cikin wannan ƙura The Ex ta tashi a 1979. Yadda su kansu ke ba da labari, sun zaɓi sunan ne saboda gajartarsa, ana iya fesa shi a bango kafin wani ya ankara, kuma ƙuri'a suka jefa don a san wanda zai ɗauki wane kayan kiɗa, tunda babu gwani a cikinsu. Jita ta faɗo wa Terrie Hessels, G.W. Sok ya zama mai waƙa. Kundinsu na farko, wato faifai mai tarin waƙoƙi, Disturbing Domestic Peace, ya fito a 1980, sunansa kuma ya yi daidai da laifin da dokar ƙasar ke kira keta hurumin gida. Waƙoƙi ne gajeru masu gudu, cike da fushi kan 'yan sanda da masu gidaje da 'yan siyasa. Gaskiya, da a nan suka tsaya da yau ba mai tuna su, don irin wannan kiɗa ya cika Turai a lokacin, wasu ma sun fi su iyawa.

Abin da suka ɗauko daga wancan zama wanda ya fi waƙoƙin daraja shi ne ɗabi'a. Mutumin da ya saba jan wayar lantarki da gyaran famfo da toshe yoyon rufi a gidan da ba mai zuwa ya yi masa, ba ya zama jiran wani ya buga masa faifai. Su suke zana bangon faifansu, su buga takardun talla, su nemi wurin wasa, su loda kaya a mota, su tuƙa, su sauke, su tsaya bayan tebur suna sayar da faifai bayan an tashi. Wannan tsari bai canza ba har yau, ko da gidajen da suka koyi shi a ciki suka zama tarihi.

Faifan da ya zo da littafi

Alamar farko da ta nuna cewa waɗannan ba za su tsaya a layin pank ba ta bayyana a 1983. A garin Wormer, arewa da Amsterdam, akwai wata tsohuwar masana'antar takarda ta kamfanin Van Gelder wadda ta ciyar da garin tsawon zamani kafin a rufe ta. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar na zaune a wani gida da aka mamaye a garin, suna ganin kangon masana'antar kullum. Sai suka yi aiki a kanta mai suna Dignity of Labour: akwati ɗauke da ƙananan faya-fayan garmaho huɗu, da ɗan littafi mai ba da tarihin masana'antar da yadda ta durƙushe. Kiɗa takwas ne a ciki, duka sunansu ɗaya, ma'anarsa kuwa an tsotse an yar. Wani ɓangaren aikin a cikin kangon aka ɗauke shi, ana jin amsa-kuwwar ɗakunan da babu kowa, da ƙarar injuna ta gauraya da ta jita har mai sauraro ya kasa rabe su.

A 1984, lokacin yajin aikin masu haƙar kwal na Birtaniya, sun yi zagayen wasanni don tara wa iyalan ma'aikatan gudummawa. A shekarun nan kuma John Peel na gidan rediyon BBC ya gayyace su ɗaukar kiɗa har sau uku, abin da ya kai sunansu kunnen matasan Ingila.

Aikin da ya fi nuna abin da 'yancinsu ke nufi a aikace shi ne na 1986, shekara 50 da ɓarkewar yaƙin basasar Sifaniya. Ƙungiyar ƙwadago ta CNT, ta masu aƙidar cewa jama'a za su iya tafiyar da al'amuransu ba tare da hukuma a kansu ba, tana da tarin hotuna na lokacin da ma'aikata da manoma suka karɓe masana'antu da gonaki suna gudanarwa da kansu. Da aka ci su da yaƙi an fitar da takardun ƙungiyar daga ƙasar, suka ƙare a wata cibiyar adana tarihin ma'aikata a Amsterdam. 'Yan The Ex suka shiga cikin hotunan suka zaɓo, suka haɗa littafi mai shafi 144, suka liƙa masa ƙananan faya-fayai biyu masu waƙa huɗu, biyu da Sifaniyanci, biyu da Turanci. Ka ɗauki abin a hannu, littafi ne sosai, faya-fayan kamar rakiya suka yi masa. Babu wani ɗan kasuwar faifai mai lissafin riba da zai yarda a kashe kuɗin ɗab'i irin wannan a kan waƙa huɗu. Su kuwa ba su da wanda za su nemi izininsa.

Amma cin gashin kai bai raba su da masu rarraba faifai ba, kuma a nan suka ɗanɗana ɗacin abin. Ƙaramin kamfanin Ingila da ke fitar da ayyukansu a can, Ron Johnson Records, ya durƙushe a 1988. A shekarar suka kafa nasu, Ex Records. Wannan mataki ne da bai da wani armashi a ido, amma kusan duk abin da ya biyo baya a kansa ya tsaya. Asalin kiɗan da suka ɗauka yana hannunsu, su ke yanke ranar da zai fito da farashinsa, kuma da faifan CD ya shigo suka sake fitar da tsofaffin ayyukansu ba tare da sun roƙi kowa ba. Sun ci gaba da haɗa kai da ƙananan kamfanoni a wasu ƙasashe don rarrabawa, sai dai ragamar ba ta sake barin hannunsu ba.

Baƙin da suka canza gidan

A 1984 wata Bajamushiya, Katherina Bornefeld, ta zama mai ganguna. In ana neman ranar da sautin The Ex ya zama nasu na kansu, ni a nan zan sa yatsa. Mai gangunan rok yakan buga ne kamar mai sara itace, ɗaya biyu, ɗaya biyu. Ita kuwa kiɗanta mirginawa yake yi: hannuwanta na zagaye gangunan, ƙararrawar ƙarfe da ke maƙale a gefe na ta amsawa, bugu ɗaya na shiga cikin wani har jiki ya fara rausaya ba tare da ya yi shawara da kai ba. Jitocin na iya yin haukansu yadda suka so, ita ce ke riƙe da ƙasa. Wani lokaci kuma takan taso daga bayan gangunan ta zo gaba ta rera waƙar gargajiya da muryarta mai sanyi, wadda ta sha bamban da tsawar Sok.

Kundin 1989, Joggers and Smoggers, mai faifai biyu, shi ne inda suka buɗe ƙofa gaba ɗaya. Suka gayyato Thurston Moore da Lee Ranaldo na ƙungiyar Sonic Youth ta Amurka, da masu busa na jaz ɗin Holan irin su Ab Baars da Wolter Wierbos, mutanen da sana'arsu ita ce kiɗan nan-take, wanda ba a tsara shi kafin a hau. Kundin yana da tsawo, wasu wuraren sun warwatse, ba kowane gwaji ne ya yi daɗi ba. Duk da haka daga nan 'yan The Ex suka koyi sauraro, wato mutum ya bar jitarsa ta yi shiru don ya ji inda na kusa da shi ya dosa.

A 1990 Andy Moor na ƙungiyar Dog Faced Hermans, wadda ta taso daga Edinburgh, ya shigo a matsayin mai jita na biyu. Shi da Terrie babu mai jagora babu mai bi. Kowa na riƙe da guntun kiɗa yana maimaitawa, guntayen na sarƙewa kamar haƙoran zif. Terrie da tsohuwar jitarsa da duk fentinta ya goge, yana karce tsirkiyoyi da duk abin da hannunsa ya kai gare shi, yana goga kanta a ƙasa ko a jikin lasifika, su biyun suna tsalle suna tunkarar juna kamar raguna. A 1991 suka fara fitar da jerin ƙananan faya-fayai ga masu biyan kuɗi tun gaba, ciki har da wanda suka yi da mawaƙin Kurdawa Brader, da wata waƙar gargajiyar Hungary da Katherina ta rera. Su ne kuma suka ci babbar lambar yabon kiɗan zamani ta Holan, Popprijs, ta 1991.

Sai Tom Cora. Ba'amurke ne mai kaɗa selo, wato babban gogen Turawa da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi, kayan kiɗan da aka saba gani a zauren masu kwat da wuyan riga. Cora ya sa wa nasa lasifika, yana dukansa yana ja masa baka har ya yi kuka kamar ƙofar da ta yi tsatsa, can kuma ya sake shi ya zubo da wani sauti mai taushi da ke ratsa zuciya. Kundi biyu suka yi tare, Scrabbling at the Lock a 1991 da wani a 1993, suka kuma zagaya ƙasashe da shi. Wanda bai taɓa jin The Ex ba, ni daga na 1991 zan ce ya fara. A can ne fushin shekarun farko ya haɗu da waƙa mai daɗin rerawa ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Cora ya rasu a 1998 yana da sauran ƙuruciya.

A 1998 ɗin suka je Shikago wurin Steve Albini, injiniyan ɗaukar sauti da ya yi suna wajen ƙin yi wa kiɗa kwalliya. Hanyarsa ita ce ya jera makirfo ya bar ƙungiya ta buga kamar tana gaban jama'a. Ya dace da su ƙwarai, domin The Ex ba ta rubuta waƙa a takarda: a ɗakin atisaye suke haɗuwa su yi ta bugawa har wani abu ya fito, su kai shi gaban 'yan kallo ya nuna, sannan a ɗauka. Starters Alternators ya fito ta kamfanin Touch and Go a Amurka, kuma sun koma wurin Albini a kundayen 2001 da 2004 da 2010. Lokacin da Luc, mai jitar bes, ya bar su bayan kusan shekara 20, Rozemarie Heggen ta riƙe wurin na ɗan lokaci, daga baya suka haƙura da bes gaba ɗaya, suka koma amfani da jitoci masu kaurin murya don cike gurbin.

Hanyar Habasha

Terrie ya yi doguwar tafiya a Afirka a shekarun 1990, shi da Andy kuma sun daɗe suna tara kaset-kaset na kiɗan Habasha. A 2002 ƙungiyar ta yi abin da ba a saba gani ba: ta kwashi kayanta ta tafi zagayen wasa a Habasha tare da Han Bennink, tsohon gwanin gangunan jaz na Holan. Babu kasuwar kiɗansu a can, babu wanda ya san su. Sun koyi wasu waƙoƙin ƙasar don kada su je wa mutane hannu rabbana, suka buga a filaye da zaurukan garuruwa gaban jama'ar da ba ta taɓa jin irin wannan ƙara ba. Sun sake komawa a 2004, kuma suka ci gaba da zuwa.

A wannan tsakanin Terrie ya kafa wani ƙaramin kamfani, Terp, wanda ya fitar da ayyukan makaɗan Afirka da kasuwar Turai ba ta waiwaye su ba: Djibril Diabaté mai kora daga Mali, Tsehaytu Beraki ta Eritiriya mai kaɗa kirar, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, Mohammed Jimmy Mohammed makahon mawaƙin Habasha. Konono No. 1 ta Kinshasa, masu kaɗa likembe, wani ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu, da lasifikokin da suka harhaɗa da hannunsu, sun yi wasa tare da The Ex a Turai a 2003, kuma Terp ta fitar da faifan wasan da suka yi a zauren Vera na Groningen. Ba abin mamaki ba ne jininsu ya haɗu. Dukansu mutane ne da suka gina sautinsu daga abin da ke hannu, kuma dukansu sun san daɗin maimaita kiɗa ɗaya har ya hau kan mai sauraro.

Getatchew Mekuria shi ne ƙololuwar wannan hanya. An haife shi a 1935, ya yi aiki a tawagar kiɗa ta birnin Adis Ababa, da ta gidan wasan Haile Selassie, da ta 'yan sanda. Abin da ya fito da shi daban shi ne ya ɗauki shellela, kirarin da mayaƙan Habasha ke yi kafin su shiga fagen fama, ya mayar da shi busa. Saksofon ɗinsa na hawa yana karkarwa yana gurnani kamar mutum na zuga kansa, shi kuma yakan fito da alkyabba da wani abin kai mai kama da gezar zaki. Turai ta san shi ne ta jerin faya-fayan Éthiopiques da Francis Falceto ya tattara, wanda na 14 a ciki nasa ne. 'Yan The Ex sun ji tsohon kiɗan nan suka nemi mai shi har suka same shi.

Faifan da suka yi tare, Moa Anbessa, ya fito a 2006. A nan ne ake iya auna su da ma'auni mai tsauri, domin tarihin makaɗan Turai da kiɗan Afirka cike yake da labarin wanda ya zo ya ɗiba ya tafi, sunansa a sama da manyan baƙaƙe, na masu abin a can ƙasa. A bangon wannan faifai sunan Getatchew ne a gaba. Akasarin kiɗan nasa ne, shi ya zaɓa, shi ke ja, The Ex da wasu masu busa da suka gayyato suna bayansa suna tura shi. Ba su yi ƙoƙarin zama Habashawa ba, jitocinsu na nan da kaifinsu, kuma da alama abin da dattijon ke so ke nan: ƙungiya mai ƙarfin da zai iya jingina busarsa a kai ba ta rushe ba. Sun zagaya Turai da shi, a 2008 suka kai shi Amurka har dandalin Lincoln Center na New York. Mutumin da ya yi shekaru yana busa a otal-otal na Adis Ababa ya tsaya gaban dubban matasa suna ihu.

A 2012 suka yi na biyu, Y'Anbessaw Tezeta, wanda shi da kansa ya ɗauke shi a matsayin aikinsa na ƙarshe, aka kuma tsara cewa abin da aka samu ya zama masa abin dogaro a tsufansa. Ciwon sukari ya ci ƙarfin ƙafafunsa, ya rasu ranar 4 ga Afrilu 2016 yana da shekara 81. Bayan rasuwarsa suka fitar da littafin hotunan rayuwarsa. Hulɗarsu da ƙasar ba ta tsaya a kansa ba: sun kai mai gyaran kayan busa Adis Ababa don ya farfaɗo da tsofaffin saksofon da suka lalace, sun yi aiki da Fendika, tawagar kiɗa da rawa ta Melaku Belay, suna gayyato makaɗan can Turai su ma suna zuwa.

Ranar da mai waƙa ya tafi

Jarrabawa mafi girma ta zo ne a ƙarshen 2008, lokacin da G.W. Sok ya ce ya gaji. Shekara 29 ya yi yana gaba, ya hau dandamali da su fiye da sau 1,300, shi ke rubuta kalmomin, muryarsa mai kama da ta mai shela a taron ma'aikata ita mutane da yawa suka sani a matsayin The Ex. A ƙungiyoyin rok, tafiyar mai waƙa yawanci ita ce ƙarshe, ko kuma a nemo mai kwaikwayonsa a ci gaba da cin tsohon suna.

Ba su bi ko ɗaya ba. A 2009 suka ɗauko Arnold de Boer, wanda ke da nasa aikin mai suna Zea, mutum mai murya daban da salon rubutu daban, ga shi kuma da jita, sai jitoci suka zama uku. Suka koma ɗakin atisaye suka ƙirƙiri sababbin waƙoƙi, Catch My Shoe ya fito a 2010. Abin da ya sa wannan ya yiwu yana cikin tsarin da suka gina tun farko. Ba a kafa ƙungiyar a kan fuskar mutum ɗaya ba, ba wanda ya mallaki waƙa shi kaɗai, kuma sun riga sun saba da cewa in sabon mutum ya shigo kiɗa zai canza, rawa ma ta canza. Babu kamfanin da zai ce musu masu saye Sok suka sani. Rabuwar ma ba ta zo da rigima ba, Sok ya ci gaba da rubutu da waƙa da wasu makaɗa.

Arnold ya zo da nasa zaren. Ta kamfaninsa Makkum ya yi aiki da King Ayisoba, mai kaɗa kologo, wani irin molo mai tsirkiya biyu, daga arewacin Ghana, wanda shi ma ya yi wasanni da The Ex. A 2012 suka yi bikin cika shekara 33 da sulusi, adadin juyin da babban faifan garmaho ke yi a minti ɗaya. A 2013 suka fitar da kundi da gungun masu busa huɗu: Mats Gustafsson daga Suwidin, Ken Vandermark daga Amurka, Roy Paci daga Italiya, da tsohon abokinsu Wolter Wierbos.

Abin da ya taimaka, da abin da ya ci

Zai zama rashin adalci a ce jajircewa kaɗai ta kawo su nan. Ƙasar da suka taso ta ba su abin da makaɗa da yawa a duniya ba su samu ba. Gidan da aka mamaye ba a biyan haya a cikinsa, ɗakin atisaye kyauta ne, matashin da ba shi da aiki a Holan ta shekarun 1980 yana da tallafin gwamnati da zai riƙe shi. Zaurukan wasa irin su Paradiso da Melkweg da Bimhuis a Amsterdam, da Vera a Groningen, suna samun agajin hukuma, don haka suna iya ba kiɗan da ba ya cika aljihu wuri. Ƙungiyar da ke sukar hukuma a waƙa ta amfana da inuwar da hukumar ta shimfiɗa, kuma faɗin haka bai rage musu komai ba, domin dubbai sun samu wannan inuwa ba su yi abin da The Ex ta yi da ita ba. Sai dai ƙofar ta ƙuntata. Tun 1 ga Oktoba 2010 mamaye gida ya zama laifi a Holan, hayar Amsterdam kuma ta fi ƙarfin matashi mai jita da ba shi da ko sisi.

Abin da tsarin ya ci musu shi ma a fili yake. Masu sauraronsu ba su taɓa yin yawan da za su huta ba, abincinsu na kan hanya ne, daga wannan gari zuwa wancan, wasa ya haura 2,000 a ƙasashe fiye da 40. Aikin da wasu ke ba manaja da ma'aikata, su ke yin sa bayan sun sauko daga dandamali a gajiye. Kowannensu na da wasu ayyukan a gefe: Andy na cikin masu tafiyar da kamfanin Unsounds, shi da Terrie suna buga kiɗan nan-take da Vandermark da mai ganguna Paal Nilssen-Love. Mutane da dama sun shigo sun fita a tsawon shekarun, wasu don rayuwar mota da otal ba ta kowa ba ce. Annobar korona, da ta rufe zaurukan wasa a 2020, ta taɓa irin wannan ƙungiya a daidai inda take numfashi.

Tsakanin 27 Passports na 2018 da kundin da ya biyo shi sai da aka yi shekara bakwai. Steve Albini ya rasu a watan Mayu 2024, shekarar da The Ex ta cika 45. A 2025 If Your Mirror Breaks ya fito a Ex Records, da mutum huɗun da ke cikin ƙungiyar: Terrie tun 1979, Katherina tun 1984, Andy tun 1990, sai Arnold, sabon shiga, wanda a lokacin ya shekara 16 tare da su.